Yadda zaka hana fulogin ya maida baƙo admin a wabsayit ɗinka

Yawancin mutanenmu da suka buɗe wabsayit a nan Saudiyya, masu abaya da turaren wuta a Jidda, masu haɗa wa baƙi masauki da motar ziyara a Makka da Madina, masu kargo da ke tura kaya Kano da Yamai, a kan WordPress, manhajar gina wabsayit, aka ɗora musu shi, kuma ba laifi bane don sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Ɓarakar galibi ba daga shi WordPress ɗin take fitowa ba, daga fulogin ne, waɗannan ƙananan manhajojin da ake liƙa masa, wannan na fom, wannan na karɓar kuɗi da katin banki na mada, wannan na maɓallin WhatsApp, wannan na juya shafi zuwa Larabci, har ka samu shago ɗaya da fulogin talatin da wani abu mai shagon bai san aikin rabinsu ba. Kowanne wani mutum ne daban ya rubuta shi a wata ƙasa daban, kuma da zarar ka kunna shi toh duk abinda WordPress zai iya taɓawa a databes ɗinka shima zai iya, babu wani shinge a tsakani.

Ɓarakar da nake so muyi magana a kai itace wadda take barin mai ƙaramin matsayi, ko ma wanda bashi da akawun kwata-kwata, ya ɗaga kansa ya koma admin. WordPress yana da matsayi biyar a shafi na yau da kullum: Administrator, Editor, Author, Contributor, sai Subscriber a ƙasa. In dashbod ɗinka na Larabci ne sune Mudir, Muharrir, Katib, Musahim da Mushtarik. In ka saka WooCommerce zai ƙara maka Customer da Shop Manager. Na ƙasan nan babu abinda zai iya sai gyara sunansa da faswod ɗinsa, shi kuwa admin zai iya saka fulogin, ya gyara kod, ya goge kowa har da kai mai wajen. Kamar otal ne a Misfala, alhaji ya karɓi katin ɗakinsa a risefshan, katin ɗaki ɗaya ya kamata ya buɗe, sai aka samu kuskure a na'urar katin nan yana buɗe ofishin mudir da ma'ajiyar fasfo. Ba a fasa ƙofa ba, ba a saci makulli ba, shi yasa faswod ɗinka komai tsawonsa baya hana irin wannan, kuma shi yasa mutane suke rantsuwa wallahi ban ba kowa faswod ba, kuma gaskiya suke faɗa.

Kafin mu shiga gyara ya kamata ka san ta ina ake shigowa, don in ka gane hanyar zaka san inda zaka dinga leƙawa.

Hanya ta farko itace fulogin ya bar kowa ya canza saitin shafi. A cikin databes akwai saiti guda biyu masu hatsari, users_can_register wanda yake buɗe rajista ga kowa, da default_role wanda yake faɗin matsayin da sabon mai rajista zai samu. In ɗan kutse ya samu damar taɓa waɗannan biyun shikenan, ya buɗe rajista, ya maida matsayin ya zama admin, ya je yayi rajista kamar kowa ta ƙofar gaba. Haka akayi da WP GDPR Compliance a Nuwamba 2018, fulogin da shafuka sama da 100,000 suke amfani dashi, aka toshe a siga 1.4.3. Haka aka sake yi da Easy WP SMTP a Maris 2019. A Maris 2023 kuma aka samu irinta a Elementor Pro in yana tare da WooCommerce, duk wanda yake da akawun ko na kwastoma ne zai iya canza saitin, aka gyara a 3.11.7, kuma wannan haɗin na Elementor Pro da WooCommerce kusan duk shagon da ɗan uwanmu ya gina maka shi zaka tarar a ciki.

Ta biyu fom ɗin rajista ne yake karɓar abinda bai kamata ya karɓa ba. Kai a fom kana ganin suna da imel da faswod, shi ɗan kutse sai ya ƙara wani layi da baka saka ba yace matsayina admin, fulogin ɗin kuma ya rubuta masa. Ultimate Member ya sha wannan a Nuwamba 2020, ya kuma sha a ƙarshen Yuni 2023, a karo na biyun ma ana cikin kai hari ne aka gano, aka fitar da gyara bai toshe duka ba, sai a 2.6.7 aka rufe. Ta uku kuma fulogin ne yake yarda kai wane ne ba tare da ya tabbatar ba. Essential Addons for Elementor a Mayu 2023, daga siga 5.4.0 zuwa 5.7.1, yana barin kowa ya canza faswod ɗin kowa in dai ya san sunan akawun ɗin, ga shafuka sama da miliyan ɗaya a kansa. LiteSpeed Cache a Agusta 2024 lambar sirrin da yake amfani da ita wajen kwaikwayon mai amfani ce tayi rauni, adadin da zata iya zama miliyan ɗaya ne kacal, kwamfuta kuwa gwada miliyan ɗaya ba komai bane a wajenta, shafuka sama da miliyan 5 abin ya shafa, aka gyara a 6.4. Wanda yafi bani mamaki shine Really Simple Security a Nuwamba 2024, fulogin na tsaro ne fa, kuma ɓarakar tana buɗewa ne ga wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu a cikinsa, wato wanda yafi kowa taka-tsantsan. Shafuka sama da miliyan 4, sai da WordPress.org suka tura gyaran 9.1.2 da ƙarfi ba tare da jiran masu shafi ba.

Kaga duk waɗannan ba fulogin ɗin banza bane, manya ne masu kamfani a bayansu. Don haka kar ka ce ai nawa sanannu ne.

Fara da ƙirga admin ɗinka

Yanzu yanzu, kafin ka gama karanta wannan, shiga dashbod ka danna Users, a Larabci A'ada, ka tace Administrator kawai. Duk sunan da ke wajen dole ka iya faɗin waye shi da bakinka. Sunaye irin su wpadmin, support, wp-update ko wani tarkacen haruffa da lambobi, da imel ɗin da baka sani ba, wannan ba na WordPress bane, WordPress baya ƙirƙirar admin da kansa kuma basa shiga shafin kowa don gyara. A harin da aka kai ta wasu fulogin na WordPress.org a Yuni 2024, ciki har da Social Warfare, sunayen da aka dinga ƙirƙira Options ne da PluginAuth, da gangan ake zaɓar sunan da zai yi kama da na tsarin don ka ji tsoron gogewa.

Ka duba lambar da ke jikin kalmar Administrator a sama ka gwada da layukan da kake gani. In an rubuta 3 kai kuma biyu kake gani toh akwai wanda aka ɓoye, don masu kutse sukan saka ɗan kod da yake cire akawun ɗinsu daga jerin. Wasu ma har lambar suke gyarawa, shi yasa ban cika yarda da dashbod kaɗai ba. Shiga cPanel, wato dashbod ɗin hostin ɗinka, ka buɗe phpMyAdmin, wajen duba databes, ka je teburin wp_usermeta ka nemo duk layin wp_capabilities da ke ɗauke da kalmar administrator, ka ɗauki lambar user_id ka duba ta a wp_users. In wanda ya gina maka ya canza farkon sunan tebur ba wp_ zaka gani ba, amma ƙarshen sunan ɗaya ne. Mai SSH kuma, wato mai damar rubuta wa saba umarni kai tsaye, abin yafi sauƙi da WP-CLI, manhajar umarnin WordPress:

wp user list --role=administrator

Bayan nan ka je Settings, sai General, wato I'idadat sannan Amm. Akwai akwatin Anyone can register, in ba shafin mambobi kake dashi ba cire alamar. A ƙasansa New User Default Role, Subscriber ya kamata ka gani, ko Customer. In ka tarar da Administrator a wajen nan Alhaji ba kuskure bane, an riga an shigo. A shafin nan dai ka duba imel ɗin admin da adireshin shafi guda biyun, don a harin Elementor Pro ɗin can har adireshin suke canzawa ya dinga jefa baƙi wani shafin damfara. Ka sani cire wannan alamar baya hana kwastoma rajista a WooCommerce, shi nasa saitin daban ne a ɓangaren Accounts & Privacy. Ni shawarata ga mai ƙaramin shago ka bari a saya a matsayin baƙo ba sai da akawun ba, don ɓaraka da yawa sai da akawun ɗin ƙasa suke aiki, in babu hanyar samun akawun ka rage musu rabin aiki. Hajiyar da zata sayi abaya biyu da turare bata buƙatar faswod, ita ma sauƙi ne a gareta.

Rage kaya

Buɗe jerin fulogin ka tambayi kanka a kan kowanne, in na cire wannan yau me zai tsaya? In amsar itace ban sani ba, ka kashe shi ka zagaya shafin ka gani, in babu abinda ya canza goge shi gaba ɗaya. Kashewa kawai bai isa ba, fayilolinsa suna nan a saba kuma wanda aka kashe shine ake mantawa da abdet ɗinsa. Wanda aka saka don aiki na rana ɗaya, kamar na shigo da samfurin tim, wato zanen fuskar shafi, ko na kwashe shafi daga wani hostin, da an gama a cire. ThemeGrill Demo Importer a Fabrairu 2020 irin wannan ne, mutane sun gama amfani dashi sun barshi a kunne, ɓarakarsa kuwa tana barin baƙo ya share databes ɗin duka, in akwai akawun mai suna admin ma ya tsinci kansa a ciki.

Sai maganar fulogin ɗin sata, waɗanda ake rabawa a Telegram ko wani ya sayar maka da Elementor Pro a riyal ashirin har abada. Dan Allah a daina. Ko da babu ƙofar baya a ciki, kuma sau da yawa akwai, baka da lasisi don haka baka samun abdet, ranar da aka sanar da ɓaraka kowa zai gyara kai kana nan a buɗe. Wannan ya shafi har wanda ya saya da halal ɗinsa amma lasisin ya ƙare, da wanda fulogin ɗin ya zo a cikin tim da aka saya. Ka tambayi wanda ya gina maka kai tsaye, lasisin nan da imel ɗin wa aka saya, yaushe zai ƙare. Da yawa yaron da ya gina shafin ya gama karatu a Jami'ar Madina ya koma gida, lasisi na hannunsa, lambarsa ta nan ta mutu.

Ka kuma leƙa shafin kowane fulogin a WordPress.org ka ga yaushe aka sabunta shi na ƙarshe. In ya shekara biyu ba a taɓa shi ba nemi madadinsa. In ka ga sanarwar an rufe shi, cire shi a ranar, don dashbod ɗinka ba zai gaya maka an rufe ba, shiru kawai zaka ji kayi zaton lafiya.

Abdet, da saurin da yake buƙata

Daga siga 5.5 da ta fito a Agusta 2020 WordPress yana barin ka kunna abdet na kai tsaye ga kowane fulogin, a jerin fulogin ɗin ne a gefen dama. Kunna shi. Na san abinda za a ce, abdet yana ɓata shafi, kuma eh yakan faru, amma shafin da maɓalli ya karkace ana gyara shi cikin awa ɗaya, wanda aka kwashe hotunan fasfo ɗin alhazai daga cikinsa fa? Lokacin da ake dashi kuma ya ƙanƙance sosai, a Afrilu 2025 da aka sanar da ɓarakar SureTriggers, wanda yanzu ake kira OttoKit, cikin 'yan awanni aka fara kai hari. Ba mutum bane yake zaune yana neman shagonka, bot ne yake bin adireshi ɗaya bayan ɗaya yana gwada kowa, bai san kai waye ba bai damu ba, don haka maganar ai ni ƙaramin ɗan kasuwa ne wa zai kula ni bata da wajen zama.

Abinda nake gani a nan shine daga Sha'aban har bayan Hajji mutane suke cewa kar a taɓa komai, kasuwa ta buɗe. Wato daidai lokacin da bayanan mutane suka fi yawa a shafin shine lokacin da aka daina toshe ɓaraka. In kana tsoron wasu manya kamar WooCommerce ko na biyan kuɗi, toh ka barsu a hannu amma ka sa rana a sati, ka ɗauki bakof, ka gwada a kwafin gwaji in hostin ɗinka yana bayarwa, kayi bayan Asuba lokacin da babu masu saye, sannan ka sayi abu ɗaya da kanka ka tabbatar kuɗi na wucewa. Amma in sanarwar ta tsaro ce, musamman ka ga makin hatsarinta 9 da wani abu cikin 10, ba a jiran ranar sati. Don ka dinga jin labari da wuri kayi rajistar wasiƙar Wordfence ko Patchstack, kamfanonin tsaron WordPress, kyauta ne, WPScan ma yana da rumbun da zaka rubuta sunan fulogin ka ga tarihinsa kafin ka saka.

Kowa da iyakarsa

Yaron da yake ɗora hotunan kaya baya buƙatar admin. Mai amsa oda Shop Manager ya isheshi, mai rubutu Author ko Editor. Kai kanka ka buɗe akawun na biyu mai ƙaramin matsayi na aikin kullum, admin sai in zaka saka ko cire wani abu. Wanda zai maka gyara na kwana biyu ka buɗe masa nasa akawun, ya gama ka goge, kar ka tura masa naka a WhatsApp. Wanda ya bar aiki ko ya tafi huruj, wato ya bar ƙasar, a ranar ake cire shi, ba rashin yarda bane, wayarsa ce zata iya faɗawa hannun wani.

A fayil ɗin wp-config.php ƙara wannan layin sama da inda aka ce a daina gyara:

define( 'DISALLOW_FILE_EDIT', true );

Yana cire wajen gyara kod daga dashbod. Ba zai hana wanda ya zama admin ɗora nasa fulogin ba, mai hana wannan shine DISALLOW_FILE_MODS, amma shi kuma har abdet yake tsayarwa, don haka sai wanda yake abdet ta wata hanya daban zai saka shi, in ba haka ba ka toshe taga ka bar ƙofa.

Tantancewa mai mataki biyu ka saka wa duk admin, Two Factor ko WP 2FA ko wanda ke cikin Wordfence. Amma ka san iyakarsa, yana taimako in faswod aka canza ko aka sace, baya taimako in mutum ya ƙirƙiri sabon admin nasa ko fulogin ya bashi izinin shiga kai tsaye. Fayawol, shingen da yake tace masu shigowa, ma haka, yana da amfani sosai don yakan tare harin kafin ka samu damar abdet, sai dai na Wordfence na kyauta sabbin ƙa'idojin suna iso masa ne bayan kwana 30 da masu biya suka samu, kuma kwana 30 ɗin nan sune masu zafin. Ba ina cewa dole ka biya ba, ina cewa kar ka ga koren alama ka kwanta.

Abu ɗaya da nake ganin yafi kuɗinsa shine rajistar motsi, Simple History ko WP Activity Log, ka kuma saita imel ya zo maka duk lokacin da wani admin ya shiga ko aka canza matsayin wani. Kayi gwaji ka tabbatar imel ɗin yana zuwa da gaske, shafuka da yawa basa iya tura imel kuma masu su basu sani ba. Bakof kuma ya kasance a wajen saba, Google Drive ko makamancinsa ta UpdraftPlus, kuma ka ajiye na makonni da dama baya, don in na jiya kawai gareka wataƙila shima da ɓarawon a ciki.

In ka tarar an riga an shiga

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sai mutum yayi abdet, ya goge baƙon admin, yace alhamdulillah. Abdet yana rufe inda aka shigo ne, baya fitar da wanda ke ciki, kuma abu na farko da ɗan kutse yake yi in ya zama admin shine ya dasa wata ƙofar da bata dogara da fulogin ɗin ba. Shi yasa zaka goge akawun yau gobe ka ga ya dawo.

Da farko kar ka goge komai, ɗauki kwafin fayiloli da databes yadda suke, ka nemi hostin su baka rajistar shiga ta saba, zaka buƙace su don sanin ranar da aka shigo da abinda aka taɓa. Sa shafin a yanayin gyara, in shago ne ka tsayar da biyan kuɗi, don sukan dasa kod a shafin biya yana kwashe lambar kati. In kana da bakof na kafin ranar kutsen shi yafi, ka dawo dashi, kayi abdet nan take kafin ka buɗe wa duniya. In babu, sai a bi a hankali: a sauke WordPress sabo a maye wp-admin da wp-includes, a goge kowane fulogin da tim a sake saukewa daga asalinsu, ba a ɗora sabo a kan tsoho ba. Waɗannan biyun suna nuna fayil ɗin da aka taɓa:

wp core verify-checksums
wp plugin verify-checksums --all

Na biyun fulogin ɗin WordPress.org kawai yake iya dubawa, na kuɗi sai ka sake saukewa. Sannan leƙa wuraren da suke son ɓoyewa: foldar wp-content/uploads, wadda hotuna ne ya kamata su cika ta, fayil ɗin .php mai kod a can abin zargi ne, foldar mu-plugins, wadda duk abinda ke ciki yana tashi da kansa kuma ba a iya kashe shi daga dashbod, functions.php na tim; .htaccess, da ayyukan cron, wato waɗanda aka sa wa lokaci suke tashi da kansu. Duba furofayil ɗin kowane admin a ƙasa wajen Application Passwords, wanda aka kawo a siga 5.6, don in sun ƙirƙiri ɗaya ko ka canza faswod yana nan yana aiki. Bayan an share sai a canza komai, faswod ɗin admin duka, na cPanel, na FTP, na databes, makullan kamfanin biyan kuɗi da na imel, sannan a canza makullan sirri na wp-config da wp config shuffle-salts, wannan ne yake fitar da duk wanda yake ciki a lokacin. In abin ya fi ƙarfinka ka biya wanda ya iya, Sucuri da Wordfence duk suna wannan aikin, yafi ka share rabi.

Akwai kuma ɓangaren hukuma wanda mu a nan bama wasa dashi. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki 14 ga Satumba 2023, aka bada shekara ɗaya na shiri, daga Satumba 2024 ana aiwatar da ita sosai ƙarƙashin SDAIA, hukumar kula da bayanai ta ƙasar. In bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar dasu, awa 72 gareka daga lokacin da ka sani ka sanar da hukumar, kuma tara tana iya kaiwa riyal miliyan 5. Mai karɓar hoton fasfo da igama da lambar waya ta fom ya sa wannan a ransa, kuma tun yanzu ya daina barin hotunan nan suna taruwa a saba, an gama aiki dasu a goge, abinda babu shi ba a sace shi. Kutsen kansa kuma ana kai rahotonsa ta manhajar Kulluna Amn.

Matasanmu masu koyon harkar tsaro, ku kuma ga naku: dokar laifukan intanet ta 2007 ta sa ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar da zata kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya shiga shafin wani ba izini ya canza ko ya ɓata, in an kai ga goge bayanai ko fitar dasu hukuncin yafi haka nauyi. Ina so in nuna masa ne kawai ba hujja bace, balle kai da kake zaune da igama. Ka saka WordPress a kwamfutarka da LocalWP kayi gwajinka a can, in ka gano ɓaraka a fulogin ka kai wa Patchstack ko Wordfence, biya suke yi. John Blackbourn da ya gano ta LiteSpeed ɗin nan dala 14,400 Patchstack suka bashi.

Ga masu rubuta kod

In kai ne kake rubuta wa mutane ƙananan fulogin ko kake zuba kod a functions.php, yawancin ɓarakar da na lissafa a sama kuskure uku zuwa huɗu ne ake ta maimaitawa. is_admin() baya duba ko mutum admin ne, yana duba ko buƙatar ta shafi ɓangaren dashbod ne, kuma admin-ajax.php yana cikin wannan ɓangaren, don haka ko wanda bai shiga ba zai wuce. Haka admin_init, yana tashi ga kowa a can. Abinda ake so shine current_user_can() da ikon da ya dace, manage_options in saiti ne, promote_users in matsayi ne. wp_ajax_ yana buɗe ga duk wanda ya shiga har Subscriber, wp_ajax_nopriv_ kuma ga duk duniya. Nonce ba izini bane, yana tabbatar da cewa buƙatar daga shafinka ta taso, in ka buga shi a shafin da kwastoma yake gani toh kwastoma yana dashi, sai ka haɗa biyun. A REST kowace hanya tana buƙatar permission_callback na gaske, saka __return_true don gargaɗin ya ɓace a hanyar da take rubuta abu ganganci ne.

Kar ka taɓa ɗaukar sunan saiti ko sunan meta daga abinda mai amfani ya turo ka miƙa wa update_option ko update_user_meta. Rubuta jerin abinda ka yarda dashi, uku ne ko biyar, duk abinda baya ciki a watsar. Jerin abinda aka hana shine ya kada Ultimate Member a 2023, sun hana kalmar, aka rubuto ta da wata sura da tacewar bata gane ba amma databes ya gane. Matsayi kuma a kod ɗinka ake rubuta shi, ba a fom ba ko da ɓoyayyen fili ne. Kafin ka miƙa aiki buɗe akawun ɗin Subscriber a wata burauza, ka ɗauko kowace buƙata da admin yake turawa ka sake tura ta da wannan akawun, sannan ka fita gaba ɗaya ka sake turawa ba akawun. Duk wadda bata dawo maka da 401 ko 403 ba, koma kanta.